Darasi na 9: Mantuwa Bayan Shekara 40

Mutum ya shiga ɗaki, ya tsaya yana waige-waige, ya rasa abin da ya kawo shi. Ko ya gamu da wanda ya sani shekara da shekaru, fuskar tana nan amma sunan ya ƙi zuwa, sai can da dare ya faɗo masa. Wata kuma cewa take yi, "Kwanan nan kaina a ɗaure yake, sai na maimaita karanta abu kafin ya shiga." Yawancin waɗanda suka haura shekara 40 sun san wannan hali. Abin da ya fi hana su sakat kuwa shi ne tambayar da ke biyo baya: anya ba gigin tsufa ne ya fara kama ni tun yanzu ba?

Ciwon da ke cinye tunani, wanda likitoci ke kira dimenshiya, akwai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana ne a 1906. Sai dai galibin masu shi sun wuce shekara 65. Waɗanda yake kamawa kafin nan ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu ciwon ba. Ga ɗan shekara 45 ko 50, akasari dalilin mantuwa daban ne, kuma yana da magani.

Dalili na farko rabuwar hankali ne. A wannan shekarun nauyi ya fi yawa: ga 'ya'ya, ga iyaye sun manyanta, ga neman na kai. Ka ajiye makulli alhali kana amsa waya, zuciyarka kuma tana kan wani lissafi. Ƙwaƙwalwa ba ta ma ɗauki inda ka ajiye shi ba, balle ta riƙe. Abin da ba ka sa a aljihu ba, ai ko ka laluba ba za ka same shi ba.

Sai barci, kuma a ganina shi aka fi rainawa. Lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke tattara abin da aka koya da rana ta adana. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Wanda ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa, ya wayi gari a gajiye da ciwon kai, to ya gaya wa likita, domin wannan ciwo ne da ake magancewa.

Mata, ku saurara da kyau. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne yawancin mata ke daina jinin al'ada, kuma tun kafin ya ɗauke gaba ɗaya sinadarin jikin mace yana hawa yana sauka. Zafi ya taso wa mace farat ɗaya, zufa ta tashe ta cikin dare, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, kalma ta maƙale a baki. Wannan ba taɓin hankali ba ne. Ga mata da yawa abin yakan lafa idan jiki ya daidaita, kuma babu kunya a faɗa wa likita.

Akwai kuma waɗanda gwajin jini ke tonawa: ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, da raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod. Masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin su nemi a duba musu B12, domin maganin yana iya rage shi. Maganin barci da wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi su ma suna dusashe tunani. Haka ciwon damuwa. Mai damuwa yakan ce ya zama mai mantuwa, alhali hankalinsa ne baƙin ciki ya tafi da shi.

Yaushe ya kamata a je asibiti?

Manta inda aka ajiye makulli abu ne na kowa. Amma mutum ya riƙe makullin ya rasa amfaninsa, wannan daban ne. Haka idan ya ɓata a hanyar da ya saba bi, ko ya yi tambaya an ba shi amsa ya sake yin ta bayan ɗan lokaci kaɗan, ko lissafin kuɗin da ya ƙware a kai ya gagare shi, ko 'yan uwa suka ga halinsa ya sauya. Idan kuma ruɗewar ta zo kwatsam, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye. Alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti nan take.

Abin yi a gida ba shi da wuya. Makulli, tabarau da waya, kowanne ya samu wurinsa guda. In ka ajiye abu, faɗa a fili: "Na sa katin asibiti a cikin jaka." A gama aiki ɗaya kafin a kama wani. A motsa jiki, ko da tafiya ce da sauri, ta kai minti 150 a mako. A riƙa auna hawan jini da suga, domin suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ba tare da mutum ya ji komai ba. Wanda jinsa ya ragu a duba masa kunne. Karatu da rubutun da kuke koyo a wannan aji kuwa, su ma aiki ne mai kyau ga ƙwaƙwalwa, kuma sun ba ku damar rubuta abin da ba ku so ya kuɓuce muku.

Aikin gida

Ku samu ƙaramin littafi. Kowane dare na tsawon mako biyu, ku rubuta awa nawa kuka yi barci, abin da kuka manta a ranar, da abin da kuke yi a lokacin da kuka manta shi. A shafin ƙarshe ku jera sunayen duk magungunan da kuke sha, har da waɗanda kuka saya da kanku. Wanda zai ga likita ya tafi da littafin, tare da wani na jikinsa da ya san halinsa na yau da kullum.