Darasi na 9: Abin da Ke Kashe Bututun Tukunyar Ƙafar da Ruwa

Duk wanda ya taɓa ganin ana dafa mazarƙwaila ya san aikin wannan tukunya. A zuba ruwan rake a kasko, a hura wuta, ruwa ya tashi ya bar zaƙi. Haka ake yi a masana'antar sukari da ta tumatirin gwangwani da ta madara, sai dai can ba itace ake hurawa ba, tururi ne ke dafawa.

Tukunyar masana'anta doguwar ganga ce ta ƙarfe. A cikinta an jera bututu ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Ruwan rake ko na tumatir yana bi ta cikinsu, tururi kuma yana zagaye su ta waje. Bangon bututu ne kawai ya raba su, kuma sau da yawa kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Ana zuƙe iskar cikin gangar don ruwa ya tafasa a digiri 60 ko 70 maimakon 100. Ruwan tumatir yakan shiga tsararo, abin da ba ruwa ba a cikinsa wajen kashi 5 cikin 100, ya fito da kauri, kashi 28 zuwa 30.

Idan bututu ɗaya ya huje, aiki ya tsaya. Kayan da manomi ya kawo su yi ta jira a bakin ƙofa cikin zafin rana, tumatir kuwa ba ya jira. Amma bututu ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan yi makonni ko watanni yana nuna alama, kuma mai kula da injin ne yake fara gani, kafin injiniya.

Ɓawo da gishiri

Babban abokin gaba shi ne ɓawon da ke manne a cikin bututu. Wani daga jikin ruwan raken yake fitowa, wani daga farar ƙasar da ake sawa don tace shi, wani kuma daga ruwan da ake aiki da shi. Mu a Sakkwato wannan ya shafe mu ƙwarai. Ƙasarmu tana da dutsen farar ƙasa, shi ne ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko sinadarinsa, in ya ji zafi sai ya ajiye shi a jikin ƙarfe.

Ɓawo yana hana zafi wucewa. Mai aiki ya ga ruwa ba ya kauri da sauri, sai ya ƙara tururi. A nan kuskuren yake. Ƙarin zafi yana ƙara gasa ɓawon ya yi tauri, a ƙarƙashinsa kuma gishiri yana taruwa yana cin ƙarfe ba wanda ya gani. Maganin ɓawo wanki ne a kan lokaci, ba ƙarin tururi ba.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfen sitenles ba abin da ke cinsa. Ba haka ba ne. Sinadarin kilorayid, wanda ke cikin gishiri, yana huda shi da ƙananan ramuka kamar bakin allura. Idan zafi ya haura wajen digiri 60, ƙarfen kuma yana cikin matsi, har tsagewa yake yi. Saboda haka, don Allah, kada a wanke bututun sitenles da asid haidirokilorik, irin wanda ake goge tayil da shi. Yana cire ɓawo nan take, ido ya ga haske, amma ya bar cuta a jikin ƙarfen. Abin da aka saba wankewa da shi shi ne kostik soda mai ɗumi, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a ɗauraye, sannan asid naitirik marar ƙarfi, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta. A bi ma'aunin da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta. Mai wanki ya sa safar hannu da tabarau da takalmin roba. Kuma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

In an ɗauke wuta

Wannan kowa ya san shi a nan. Wuta ta ɗauke, famfon da ke tura ruwa ya tsaya, tururi kuwa yana nan yana shiga. Cikin ɗan lokaci bututu ya bushe, abin da ya rage a ciki ya ƙone ya zama ƙanzo. Abu na farko da za ka yi shi ne rufe bawul ɗin tururi. Kafin ka nemi mai janareto, kafin ka kira oga, rufe tururi.

Wajen tayarwa ma akwai hattara. Idan ruwa ya kwanta a layin tururi aka buɗe bawul gaba ɗaya, tururi zai kwashi ruwan ya maka shi a jikin ƙarfe. Za ka ji bugu kamar ana dukan guduma. Wannan bugu yana sassauta bakin bututu inda aka ɗaure shi. A fara tsiyaye ruwan, a buɗe bawul kaɗan kaɗan, a bar ƙarfe ya ɗumama.

Sai yashi. Rake da tumatirin fadama suna zuwa da ƙasa. In ba a wanke su da kyau ba, ko rariya ta yage, yashi zai riƙa goge bakin bututu har ya yi siriri. Girgiza ma tana cin bututu a inda yake gogar maƙallinsa. Idan an gama kakar aiki, a wanke tukunya, a tsiyaye, a busar. Ruwan da aka bari a kwance watanni ya fi aikin kansa ɓarna.

Yadda za ka gane

Tururin da ya huce yakan koma ruwa, kuma ya kamata ya fito garau. In ka ga ya canja launi, ko awo ya nuna sukari a cikinsa, alama ce ta bututu ya huje, ka sanar nan da nan, domin wannan ruwa tukunyar da ke samar da tururin yake komawa. In allurar geji, wato ma'aunin matsi, tana sauka, ko tururi yana ƙarewa fiye da da, ka rubuta a littafin aiki tare da lokaci. Wannan rubutu na cikin dalilan da suka kawo mu aji. Da shi injiniya zai san ranar da matsala ta fara. Injiniyan ne zai cika gefen tururi da ruwa ya matsa don gano inda ke yoyo, bututun da ya yi yoyo a toshe bakinsa biyu har a samu sabo.

Aikin gida

Ku leƙa cikin butar shayin gidanku. In akwai farin ɓawo, ku kankaro kaɗan ku kawo aji, za mu ɗiga masa lemon tsami mu ga abin da zai faru. Sannan ku rubuta amsar waɗannan:

1. Me za ka fara yi idan wuta ta ɗauke?
2. Wane asid ne ba a wanke sitenles da shi?
3. Rubuta layi biyu kamar yadda za ka sa a littafin aiki idan ka ji bugu a layin tururi da ƙarfe 6 na safe.