Kafin ku sayi ƙwan fitilar kan titi, ku duba wannan

Jama'a, in kun yi karo-karo a layinku don gyara tsohuwar fitilar da ke kan turken lantarki, kada ku nufi kasuwar Alaba sai kun san irin ƙwan da ke ciki. Launin haskenta da dare shi zai gaya muku.

Ruwan lemo, fitilar sodiyam ce. Fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, yawanci ta makyuri ce. Dukkansu sukan ɗauki 'yan mintuna kafin haske ya cika. Wadda ta kama nan take, LED ce, ba ta cikin wannan lissafi.

Dalilin dubawar: ƙwan sodiyam yana buƙatar cok (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan) da igniita (na'urar da ke tayar da shi), na makyuri kuwa cok kaɗai. Ka ɗaura sodiyam a gidan makyuri, ba zai tashi ba, kuma samun mai shago ya karɓi kayan da aka riga aka gwada sai an sha fama.

Wadda ke kamawa ta mutu ta sake kamawa, yawanci ƙwan ne ya tsufa. Kada wani ya sa ku canza waya.

In fitilar ta daɗe a mace, ba launin da za a gani. Ku ja hoto da rana daga ƙasa: dogon ƙwai garau yawanci sodiyam ne, mai siffar ƙwan kaza da farin shafe galibi makyuri. Na ce galibi, don akwai sodiyam mai wannan siffa. Nan sai an karanta rubutun jikinsa, SON (sodiyam) ko HPL (makyuri), da adadin wat, kamar 250.

Hawa turke kuwa a bar wa ma'aikatan lantarki, akwai wuta a sama.