Yadda ake amfani da kalmar gather a Turanci

Ƙamus zai ce maka gather tana nufin tara ko taru. Gaskiya ne, amma wanda ya tsaya nan zai riƙa jefa ta duk inda ya ga dama, alhali ba duk abin da Bahaushe ke tarawa Bature ke kira da wannan kalma ba. Ga yadda za ka bi ta daki-daki, ko don jarrabawar WAEC da NECO, ko don wasiƙar aiki.

Fara da furuci. Gaɓa biyu ce, ƙarfin murya yana kan ta farko. Wahalar tana wajen th ɗin tsakiya. Ka ɗora kan harshenka tsakanin haƙoran gaba, ka fitar da iska haɗe da murya. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya iya, domin shi ne zalun ɗin da ke cikin allazi. In harshe ya maƙale a bayan haƙora, abin da zai fito gaza ne ko gada. Ita kuma r ta ƙarshe, Amurkawa suna furta ta, yawancin mutanen Ingila kuwa ba sa yi sai in wasali ya biyo baya.

Sai siffofinta, waɗanda ba su da wata rikitarwa: gather, gathers, gathered, gathering. Kada ka ninka r. Ana ninka ta a preferred ne saboda ƙarfin murya yana kan gaɓar ƙarshe.

Mataki na uku shi ne ginshiƙi. Kafin ka rubuta jimla, tambayi kanka da Hausa: taruwa aka yi, ko tarawa? Mu muna da kalma daban ga kowanne, Turanci kuwa kalma ɗaya ya ɗora wa duka biyun, sai dai tsarin jimla ya bambanta su.

In taruwa ce, babu karɓau a bayanta, wato ba a ambaton abin da aka tara. The villagers gathered, wato mutanen gari sun taru. Sharaɗin shi ne masu aikin su kasance da yawa, ko kuma a yi amfani da sunan da ke nuna taro, irin su crowd da family. Mutum ɗaya ba ya taruwa, don haka I gathered at the mosque kuskure ne, kamar yadda ba za ka ce "na taru a masallaci" ba. Ka ce we gathered. Haka nan mutum biyu da suka yi alƙawarin haɗuwa a tasha, meet ce tasu.

In tarawa ce, dole abin da aka tara ya biyo baya, kuma yawanci abu ne da yake a warwatse aka bi shi ɗaya bayan ɗaya. The girls gathered firewood: 'yan mata sun yo itace. The police are gathering evidence: 'yan sanda suna tattara hujjoji. Malami ma zai iya tara ɗalibansa: the teacher gathered the pupils. Wani kuskure da ake yi a nan shi ne they gathered themselves da nufin sun taru. Wannan jimla ta fi karkata ga cewa sun dawo cikin natsuwarsu bayan ruɗewa. Cire themselves, magana ta daidaita.

Na huɗu, zaɓi ƙaramar kalmar da za ta bi ta. At ta wuri ce, kamar gathered at the gate. Kalmar "in" ta cikin ɗaki ko zaure ce, for ta dalili, kamar gathered for the naming ceremony, sun taru don suna. Around ko round kewayewa ce, yadda yara ke yi wa mai tatsuniya. Up tana ƙara ma'anar kwashewa gaba ɗaya: she gathered up her books and left, ta tattara littattafanta ta fita. Wasu malamai suna jan layi a ƙarƙashin gather together wai maimaici ne. Ba kuskure ba ne, Turawa suna faɗin haka kullum, kuma kalmomin biyu ma tushensu ɗaya a tsohon Turanci. Amma in ana ƙidaya maka kalmomi a jarrabawa, together ɗin ba ta ƙara komai.

Na biyar, koyi inda tara ba ta zama gather. Nan ake zubar da maki. Mai tara kuɗin aure save yake yi. Masu tara kuɗin gyaran masallaci raise suke yi. Haraji da kuɗin makaranta collect ake yi musu, haka ruwan sama da aka tara a randa. Wanda ya tara gashi ko gemu kuwa grow ya yi. Collect ɗin nan ita ta fi kusa da gather, har sukan yi musayar wuri a wajen bayanai da hujjoji, sai dai ita ta fi nuna tsari da niyya. Assemble ta hukuma ce, ta taron safe a makaranta, kuma ita ce ta harhaɗa sassan inji. Abokai da za su haɗu a sha shayi, get together ta fi dacewa da su.

Akwai kuma wata ma'ana da ba ta da alaƙa da taro a zahiri. In aka ce maka I gather you are travelling tomorrow, ana nufin "na ji ƙishin-ƙishin gobe za ka yi tafiya", wato mai maganar ya tsinto labarin nan da can ya haɗa, yana so ka tabbatar masa. From what I gather kuma daidai take da "bisa abin da na fahimta". Jaridun Najeriya na Turanci suna son wannan ma'ana ƙwarai, shi ya sa kake yawan ganin it was gathered that in ɗan jarida ba ya so ya ambaci majiyarsa. A rubutun ɗalibi ba ta da kyau, gara ka faɗi wanda ya gaya maka.

Sauran 'yan maganganu ne da ake haddacewa yadda suke. Mota tana gather speed in gudunta na ƙaruwa. Littafin da aka jingine yana gather dust. Clouds are gathering, hadari yana haɗuwa. Wanda aka yi wa tambayar ba-zata yakan nemi minti ɗaya ya gather his thoughts, ya tattara hankalinsa.

In suna kake nema, wato taro, gathering ce: a family gathering. Kada ka rubuta "a gather", domin wannan a wajen tela take, sunan tattarar da ake yi wa yadi a ƙugun siket ko hannun riga.