Yadda ake raba kalmar Turanci gaɓa-gaɓa, da inda ake sa karan ɗori

Na daɗe ina koyar da Turanci a darasin yamma, kuma kusan duk yaron da ya zo, a wuri guda yake tuntuɓe. Ka ba shi school ya raba, sai ya ce maka gaɓa biyu ce. Bakinsa na Bahaushe ne ya faɗa masa haka. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bread ya zama burodi a bakinmu. Yaro yana cusa wasali tsakanin baƙaƙen ba tare da ya sani ba, sannan ya ƙirga shi.

Don haka matakin farko shi ne ƙirga, kafin a taɓa biro. Sa bayan hannunka a ƙarƙashin haɓa, ka furta kalmar yadda Bature ke furta ta. Duk sanda haɓa ta sauko, gaɓa ɗaya ke nan. School sau ɗaya za ta sauko. Haka strength, duk tsawonta: haruffa 8, gaɓa ɗaya. Kalma mai gaɓa ɗaya kuwa ba a raba ta, ko layi ya ƙare, a kai ta layi na gaba ɗungurungum.

Sautin wasali ake ƙirgawa, ba harafinsa ba. Harafin e na ƙarshen make da hope ba ya furtuwa. Sai -ed, wanda ya fi ba ni wahala. Wata ɗalibata ta shafe mako biyu tana rubuta walk-ed, ina gyarawa da jan biro tana maimaitawa, har na sa ta riƙe haɓarta a gaban allo ta ce walked sau goma. A nan ta ji t kawai ke fitowa a ƙarshe. Sai in kalmar ta ƙare da sautin t ko d ne -ed ke zama gaɓa: want-ed, need-ed.

In ƙirga ya zauna, sai yanka. Baƙaƙe biyu a tsakiya, raba su: let-ter, win-dow, run-ning. Amma th, sh, ch da ph kowannensu sauti ɗaya ne, kar ka shiga tsakaninsu: fa-ther, teach-er. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu, saurari wasalin farko. In dogo ne, baƙin ya tafi gaba: pa-per, ti-ger. In gajere ne ya tsaya baya: lem-on, riv-er.

Ni dai ban yarda da raba kalmar da ba ta kai haruffa 6 ba a ƙarshen layi, muni take yi. Barin harafi ɗaya tilo, kamar a-bout, wannan kam ina soke shi nan take.

Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya a ware su: un-kind, re-turn, kind-ness. Kalma haɗaɗɗiya a raba ta a mahaɗa: foot-ball. Mai ƙarewa da -le ta ja baƙin da ke gabanta: ta-ble, can-dle. Record kuwa ta danganta: suna rec-ord, aikatau re-cord, kuma irin wannan na fitowa a gwajin furuci na WAEC. In ka yi kokwanto duba ƙamus, ba sai ka sayi sabo ba, tsohon Oxford na gwanjo ma yana nuna rabon da ɗigo a tsakiyar kalma.