Yadda na kawar da amsa-kuwwa a zaman koyar da manhaja

Ina jagorantar masu koyon rubuta manhaja ta hanyar Zoom, dandalin taro ta bidiyo. Don in riƙa ganin aikinsu ɓaro-ɓaro, na haɗa kwamfutata da talabijin ta wayar HDMI. Tun daga nan duk wanda ya yi magana sai muryarsa ta dawo masa. Mai koyo da ma a ɗarare yake, balle yana bayanin inda Python, yaren rubuta manhaja, ta ƙi masa yana jin kansa sau biyu. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ashe HDMI hoto da sauti take ɗauka tare, shi ya sa kwamfutar ta karkatar da sauti zuwa lasifikar talabijin. Shi kuwa talabijin yakan ɗan jinkirta sauti don ya dace da hoton da yake tacewa. Wannan jinkirin ne ya rikita tsarin kashe amsa-kuwwa, makirufo na kwashe muryar yana mayarwa.

Na shiga saitin sauti na Zoom, na zaɓi abin sawa a kunne, na bar wa talabijin hoto kaɗai. Makirufon kuma na matso da shi taƙi ɗaya daga bakina, na rage ƙarfinsa. Nan take amsa-kuwwar ta ɗauke.