Ku kai kaya tasha tun jajibirin tafiya

'Yan'uwa da kuka zo hutu Damagaram da iyali, idan za ku tafi Yamai, ku yanki tikiti, ku kuma kai manyan kayanku tasha tun yammacin ranar da za ku kwana ku tashi.

Dalili shi ne motocin Yamai da asuba suke tashi, kuma tafiyar ta kusan kilomita 900 ce, ta Maraɗi da Ƙonni da Doso. Idan an karɓi kayan an rubuta sunanku tun da rana, da asuba yara da ƙaramar jaka kawai za ku riƙe.

Bara na bar komai sai safiya. Ina tsaye cikin duhu da buhun gero da ƙullin kilishi, ƙaramar 'yata tana barci a kafaɗata, har muka rasa kujeru kusa da juna.

Tsarabar Kasuwar Dole kuwa, ku gama sayenta kwana biyu kafin tafiya. Ruwan sha da maganin yara su zauna a hannunku.

Amma dabarar ba ta isa gab da komawa lakwal a watan Oktoba ko bayan Sallah, domin kujeru suna ƙarewa da wuri; a lokacin sai ku yanki tikiti tun saura kwanaki.