Yadda za ka tsallaka da kaya tsakanin Najeriya da Nijar bayan ficewar Nijar daga ECOWAS

Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ECOWAS, wato CEDEAO a bakin mutanen Nijar, shekara guda bayan sun ba da sanarwa. A Yamai an yi gangamin murna. A Jibiya da Illela da Maigatari kuwa, inda aka ɗanɗana kuɗa tun rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: mota za ta wuce ko ba za ta wuce ba?

Tana wucewa. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris 2024, Nijar ta bi baya cikin watan. Sai dai a da shige da ficenka haƙƙi ne da aka rubuta a yarjejeniya, yanzu kuwa alfarma ce. ECOWAS ta ce mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na ƙasashen uku, su bar kayansu su shigo a kan tsohon tsari, har sai ta sake magana. Su ma ƙasashen uku, da suka haɗu a ƙawancen AES, a Disambar 2024, sun ce 'yan ECOWAS za su shiga ba biza, amma sun riƙe ikon mayar da wanda ba su yarda da shi ba. Abin da aka bayar da sanarwa, da sanarwa ake janye shi. Saboda haka ka shirya kowace tafiya kamar za ka ƙasar da ba ku da wata yarjejeniya da ita.

Fara da takardun jikinka. Ka tafi da cikakken fasfo wanda wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba. Ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS da aka saba nunawa ba abin dogaro ba ce yanzu: a Janairun 2025 Nijar ta fito da sabuwar dokar shiga da zaman baƙi, kuma a makonnin da suka biyo baya an yi ta jin koken matafiya da aka mayar daga iyakar Birnin Ƙonni saboda takardu. Ka haɗa da katin allurar shawara. Ka tabbatar an buga maka hatimin shiga, ko da jami'in ya ce maka "wuce kawai, Alhaji", domin shingen jandarma na gaba hatimin zai nema. Kwana 90 na zama ba biza daga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ya samo asali. Kada ka kusanci iyakarsa.

Mota kuma tana da nata: lasin direba, takardun mallaka, katin inshorar ƙetare mai ruwan ƙasa, da takardar izinin shigar mota da duwan, wato kwastan, ke bayarwa, wadda ake kira lesefase. Ka sa kamfanin inshora ya tabbatar maka a rubuce cewa katin na aiki a Nijar. A tsohon tsari motar gida kwana 90 take da shi, motar haya ko ta kaya kwana 15 kacal. Direbobi da yawa a nan suke faɗawa, idan sauke kaya ya ja lokaci a Maraɗi ko Damagaram.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne wajen rabe kayan. Tsarin sassauta ciniki na ECOWAS, ETLS, ya kasa su gida-gida. Amfanin gona da dabbobi da aikin hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asali, amma suna buƙatar ta lafiyar tsiro ko ta likitan dabbobi. A Najeriya NAQS, hukumar binciken lafiyar kayan gona, ce ke bayar da ta tsiro. Kayan masana'anta, irin su sabulu, taliya, robobi da takalman Kano, ba sa samun sassauci sai an yi wa kamfanin da kuma shi wannan kayan rajista a tsarin, an ba shi lamba, sannan kowane lodi ya zo da takardar asali. Sharaɗin da aka fi sani shi ne ƙimar da aka ƙara a cikin gida ta kai kashi 30 cikin ɗari. Kafin ka saya a hannun dila, ka nemi lambar rajistar da idonka. Kayan Sin ko na Dubai da ka sara a Kantin Kwari ba ya zama ɗan Najeriya don ya kwana a Kano. Cikakken kuɗin fito zai biya, a ɗaya daga matakai biyar: 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari.

An yi ta surutu kan harajin kashi 0.5 da AES ta sanya a ƙarshen Maris 2025 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. A yi lissafi tukuna. Ɗauki kaya na sefa miliyan 10 da ya faɗa matakin kashi 20. Harajin AES dubu 50 ne. Kuɗin fito miliyan 2. Harajin TVA, wato VAT, na Nijar kashi 19 ne, kuma a kan kuɗin kaya haɗe da na fito ake ɗora shi, ya zama aƙalla miliyan 2 da dubu 280 maimakon miliyan 1 da dubu 900. Wato rasa takardar asali zai ci maka kusan miliyan 2 da dubu 400, ninkin ba ninkin abin da ake ta faɗa a kai. Mai wayo takardarsa yake gyarawa, ya bar wa 'yan siyasa musun dubu 50.

Idan lodin babba ne, ka bi ta ƙofa: rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, da kuɗin duba kaya na NESS na kashi 0.5. A Nijar mai karɓar kaya ya kasance da lambar harajinsa ta NIF. Ka riƙe ejan ɗaya a kowane ɓangare, mai lasin, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit mai hatimi. Takardun duwan da Faransanci suke. Ka sa a karanta maka sunan kayan da adadin buhu kafin ka sa hannu, domin bambancin buhu goma tsakanin takarda da mota ya isa a tsare ta kwanaki.

Wajen dawowa da kaya aka fi yin kuka. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana shirin babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Irin wannan umarni dare ɗaya yake fitowa, kuma ba ruwansa da cinikin da ka riga ka ƙulla. Don haka kada ka ba da kafin alƙalami mai nauyi a kan wake ko raguna sai ejan ɗinka ya tabbatar cewa irin kayan ya fita ta wannan ƙofa a cikin makon nan. Ku kuma yi magana a gaban shaidu kan wanda zai ɗauki asara idan aka hana fita.

Batun kuɗi, Nijar ba ta fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da sefa, ba, sefa na nan ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa tun Yunin 2023 kasuwa ke juya ta. Idan bashi za ka bayar ko ka karɓa, ku faɗi kuɗin da za a biya da shi tun a wurin ciniki, kuma ka yi canji ranar da aka yi cinikin. Sabon shiga ya kula da ƙirga: a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. Idan aka ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi. Jika a Maraɗi sefa 1,000 ce, jaka a Kano kuwa naira 200.

Mai odar kwantena daga teku ya yi hattara da Kwatano. Ko bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta bar gadar Gaya da Malanbil a rufe saboda rikicinta da Benin, kaya suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ce mai tsawo da jira, kuma kuɗin jinkirin kwantena a kanka yake. Kada ka rubuta tashar sauka a takardar jirgi sai ka ji daga bakin ejan da ke Gaya.

Hanyar ɓarauniya tana da jan hankali idan layi ya yi tsawo, amma wanda aka kama a can ba shi da takardar da zai kai ƙara da ita, ga 'yan bindiga a dajin Jibiya. A shinge kuma ka ja bakinka daga zancen Tiani da Tinubu da Faransa. Tun zarge-zargen da shugaban Nijar Tiani ya yi wa Najeriya a Disambar 2024 jami'an ɓangarorin biyu a ɗar-ɗar suke. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, ainihin ta zauna a jikinka. Kayan gwari irin albasar Galmi ko tumatir, kada a ɗaure lodi sai an kira wani da ke bakin iyakar a daren, ya faɗi motoci nawa ke layi da kuma ko an saki wasu a yinin.